Minti Sha Biyar ɗin Malam Habu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Habu na Gwaram ya rasu.

Da safiyar yau labarin ya same ni, kuma ba mutum ne ya fara kawo shi ba. Wayata ce ta yi wani kuka da har na manta tana da irinsa.

Ina tsaye a kicin a nan Birnin Kudu, ina jiran ruwan shayi ya tafasa. Na duba. Alat ne daga wurin aiki: batirin na'urarmu da ke wani ƙaramin asibiti a yankin Kwandiko ya yi ƙasa. A ƙarƙashinsa akwai ƙarin layi ɗaya. An tura wa na farko, bai amsa ba cikin minti sha biyar, an wuce zuwa na biyu.

Ni ce ta biyun.

Abin da na fara ji, Allah Ya yafe mini, haushi ne. Na ce yau kuma Malam barcin safe ya koma? Na kira lambarsa, har na shirya tsiyar da zan yi masa. Sai mace ta ɗauka. Matarsa ce, Inna Larai.

Ta ce, "Injiniya ce? Ai Malam ya tafi. Ya dawo daga masallaci ya ce kansa na sarawa, ya kishingiɗa. Shi ke nan."

Na ce, "Ya tafi ina?"

Da digirina da komai, abin da ya fito daga bakina ke nan.

Da yawanku ba ku san shi ba, ba ku ma san aikin da nake yi ba. Wasu sun ɗauka a banki nake. Bari in faɗa a taƙaice. Wani ƙaramin kamfani ne da ofishinsa ke Kano, yana kai intanet ƙananan asibitoci da makarantu a wannan yankin. Muna da na'urori a kan ƙarafunan sabis da cikin ofisoshin shugabannin makarantu, daga Kiyako zuwa Unguwar Ya har can cikin Gwaram. Akwai wata manhaja da ke gadinsu. Malam ya sa mata suna Mai Gadi. In batir ya yi ƙasa, ko na'ura ta yi zafi, ko ta yi shiru gaba ɗaya, Mai Gadi sai ta yi ihu.

Amma ihun ba ya zuwa ko'ina da kansa. Sai an tura shi zuwa babbar manhajar da ke Kano, mai taswira, wadda ke nuna kowane wuri da ɗigo kore ko ja. Daga can ne yake sauka a wayar mutum. Wannan hanyar ta turawa, wane ihu ya tafi ina, da wane suna, wa za a fara tasa, Malam Habu ne ya gina ta layi bayan layi, tun kafin a ɗauke ni.

Sunansa ne a farko. In bai danna “na ji” ba cikin minti sha biyar, sai abin ya zo kaina.

Shekara huɗu muna aiki tare. Sai yau ya zo kaina.

Manajanmu ya kira daga Kano wajen ƙarfe takwas. Ya yi ta'aziyya sosai. Sannan ya yi gyaran murya ya ce, "In kin samu sarari, Injiniya, a cire sunansa daga layin nan. Kin san kowane alat zai riƙa jira a kansa." Bai yi laifi ba. Gaskiya ya faɗa. Duk matsalar da ta taso daga yau za ta tsaya minti sha biyar a ƙofar mutumin da ba zai buɗe ba, kuma akwai wuraren da minti sha biyar ya isa batir ya mutu. Aikin minti ɗaya ne. Na ce masa to.

Na wuni ina kewaya minti ɗayan nan.

Malam bai yi jami'a ba. Gyaran rediyo ya fara yi a kasuwar Gwaram, ya koma gyaran waya, daga nan ya shiga harkar sola. Turancinsa na littafin na'ura ne: ya san yadda ake cewa na'ura ta kasa haɗuwa da 'yar'uwarta, amma in an ce ya rubuta takardar neman hutu sai ya miƙo mini biro. Da safe yakan koyar a Islamiyyar unguwarsu kafin ya hau babur.

Ranar da aka gabatar da ni gare shi, na zo da laftof da takalmi mai tsini. Ya dubi takalmin, ya dubi ƙarfen sabis ɗin da ke bayanmu, ya ce, "Madalla. An turo mana mai hawa."

Tun ranar yake ce mini Injiniya. A farko na ɗauka zolaya ce. Zolayar ce kuwa. Daga baya ta zama suna.

Mu biyu ne kawai a faɗin ƙasar nan da ba ma murna in mun ji alat. Mahaifiyata ta taɓa jin muna waya, Malam yana cewa alat sun yi masa yawa a satin nan, ta ce, "Kai, Allah Ya sa albarka." Na gaya masa. Ya yi dariya har sai da ya kashe babur.

Akwai abin da ban taɓa faɗa a shafin nan ba.

A wata na uku da fara aiki na buɗe jerin na'urorinmu, na ga sunayen da Malam ya sa musu. Bayan Kuka. Tsamiya Biyu. Gidan Mai Unguwa. Kusa Da Mai Nama. Na ji kunya a madadin kamfanin. A makaranta an koya mana cewa na'ura harafi uku da lamba ake sa mata. Na zauna wata Lahadi na gyara su duka tsaf, ban gaya wa kowa ba, ina jiran yabo.

A cikin Mai Gadi na canza sunayen. Na manta manhajar Kano da tsofaffin sunayen ta san su.

Sai ya zama Mai Gadi tana ihu da sabon suna, ihun yana isa Kano, Kano tana dubawa ta ga ba ta san mai wannan suna ba, sai ta yar. Ba gargaɗi, ba komai. Taswira kore shar. Kwana uku ban taɓa ganin netwok mai lafiya irin wannan ba. Har hoton taswirar na ɗauka na sa a nan, wasunku suka yi mini tafi.

Ashe wata makaranta a Kiyako tun Litinin ba ta da sabis. Malam bai ji daga na'ura ba. A wurin ɗaurin aure hedimastan ya tare shi.

Ya zo ofis da la'asar, ƙafarsa duk taɓo. Bai ɗaga murya ba. Ya ja kujera ya ce in nuna masa abin da na taɓa. Na nuna. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Injiniya, kin yi wa yara sabon suna ba ki gaya wa kakarsu ba. Suna ta sallama tana cewa ba a nan gidan ba."

Na ce zan mayar da su yadda suke. Ya ce a'a, naki ma suna da kyau, Kano za ta so su. Muka zauna ya ƙirƙiro wani jadawali mai gida biyu, sunana a hagu, nasa a dama, yadda kowane alat zai tafi da duka biyun. Ya ce harafi da lamba na masu taswira ne, amma wanda zai hau babur ya je, Tsamiya Biyu ya sani.

Da Kano suka tambayi abin da ya faru, ya ce musu sunaye ne suka yi saɓani, an daidaita. Bai yi ƙarya ba. Bai kuma ce sunan wa ba.

Ban goge hoton taswirar ba. Yana nan can ƙasa, ga mai son dariya.

Ƙananan abubuwa ne ke ta dawo mini tun safe.

Yadda in ya zo Birnin Kudu yake tahowa da gyaɗa dafaffiya a leda, ya ajiye a kan teburina ya ce ta hanya ce ta rage, alhali ƙullin ko kwance shi ba a yi ba.

Yadda in mun je wata makaranta aka miƙa masa hannu aka fara yi masa bayani ni ina tsaye kamar jakarsa, sai ya saurara har a gama, sannan ya ce, "To, ku maimaita wa oga, ni direbanta ne."

Yadda bai taɓa tambayata yaushe za a sha biki ba. Ku da kuka san garin nan kun san wannan ba ƙaramar kyauta ba ce ga mace mai shekaruna da ke zaune ita kaɗai a gidan haya.

Ni ba mai yawan mutane ba ce. Na sani, an sha gaya mini. A nan ina da dubban mabiya, a garin nan kuwa in ka cire mai shagon da nake sayen burodi, akwai ranakun da muryar Malam ce kaɗai nake ji da ta kira ni da niyya. Ita ma rabin zancen batir ne.

Ganina da shi na ƙarshe ranar Talatar da ta wuce ne, a Kiyako. Mun je canza wata na'ura da tsawa ta ƙona. An yi ruwa da safe, gero ya kai ƙugu, hanya duk ta kwaɓe. Da muka gama muka zauna a kan benci a inuwar ajin, ya sayo mana awara a wurin wata mata da ke soyawa a bakin makarantar. Ya zuba yaji da yawa kamar kullum, na ce likita bai hana ka ba? Ya ce likita ya hana gishiri, bai ambaci yaji ba, shi kuma ba ya ƙara wa malami magana.

Sai ya ce, "Fayil ɗin turawa ɗin nan fa, ya kamata ki zauna ki karanta shi. Daga sama har ƙasa. Ni kaɗai na san abin da ke ciki, kuma ba daidai ba ne."

Na ce, "Wani lokaci, Malam."

Ya ce, "Wannan wani lokacin naki tun bara nake jin labarinsa. Ɗan ina ne? Ko a Kano yake karatu?"

Na yi dariya, na ce ai kana nan.

Ya lashe yatsa ya ce, "Ina nan dai yau."

Ba da wata murya ta daban ya faɗa ba. Kar wani ya ce ya ji a jikinsa. Haka yake magana kullum. Yana gamawa ya tashi ya je yana faɗa da wata akuya da ta hau kan baburinsa.

Kafin in fita daga gida yau sai da na kira ma'aikaciyar asibitin nan na Kwandiko. Kwana biyu ana hadari, sola ba ta samu rana ba. Na ce ta kashe firinta da fanka ta bar na'urar kawai har rana ta fito. Ta ce to. Sannan ta ce, "Yau ke ce? Ina Malam? Shi yake kira, har ya tambayi ƙafar mahaifiyata."

Ban san mahaifiyarta na ciwon ƙafa ba. Ban ma san sunanta ba sai yau. Ni na gaya mata rasuwar. Ta yi salati, na ji ta ajiye wayar a kan tebur ba ta kashe ba, na ji tana gaya wa wasu.

Na shiga mota a tasha zuwa Gwaram. Kafin in isa an kai shi. Ƙofar gida cike da maza a kan tabarmi, ɗaliban Islamiyyarsa na da, masu gyaran waya, direbobi. Na sunkuyar da kai na wuce ciki.

Ban taɓa ganin Inna Larai ba sai yau. Murya kawai muka sani, in na kira yana alwala ta ɗauka. Tana zaune a ɗaki mata sun kewaye ta. Na durƙusa na yi gaisuwa. Ta riƙe hannuna ta ce wa na kusa da ita, "Wannan ce Injiniyarsa." Wata tsohuwa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Au, mace ce?" Inna Larai ta ce, "Mace ce mana, Yaya, da me kika ɗauka?"

Ina zaune a wurin wayarsa ta yi kuka. Tana kan tabarma kusa da ƙafar Inna. Kukan alat ne, na san shi. Wata makaranta ce a Unguwar Ya, sabis ya ɗauke ya dawo, ba wani abu ba.

Na ga kan Inna ya juya wajen ƙofa.

Sannan ta dawo da shi a hankali. Ta ce mini, ƙasa-ƙasa, "'Yar nan, ba yadda za ki yi da abin nan? Ba na son kashe wayar, 'yan'uwansa na Kano ta nan suke kira. Amma in ta yi wannan kukan, ko loma ce a hannunsa ajiyewa yake. Sau huɗu ke nan yau ina ɗaga kai."

Na ce, "Zan gyara, Inna. Yau ɗin nan."

Ta ce, "Allah Ya yi miki albarka. Kin ci abinci kuwa?"

A mota ina dawowa, minti sha biyar ɗin wani alat ɗin ya cika, ya faɗo wayata. Na danna “na ji”. Na kusa da ni ya ce, "Hajiya, an samu ke nan." Na ce masa an samu.

Na iso gida bayan la'asar. Na yi sallah, na buɗe laftof, na buɗe fayil ɗin da ya ce in karanta. Na karanta shi daga sama har ƙasa.

A irin wannan fayil ana iya barin bayani a gefen layi, na'ura ba ta karantawa, don mutum ake rubutawa. Kowa da Turanci yake yi. Malam da Hausa ya yi nasa. A wani layi ya rubuta: wannan ƙarya yake yi in an yi ruwa, a jira shi. A wani: kar a tura wannan Kano, tsorata su yake yi a banza. A wani: hedimasta ne ke cirewa don ya yi cajin waya, a kira shi da ladabi.

Can ƙasa na iso layin sunayenmu. Lokacin jiran da manhajar ta zo da shi minti biyar ne, ga shi nan an soke. Shi ya mayar da shi sha biyar. A gefe ya rubuta: in ina kan babur sai na samu wurin tsayawa, kar a tashi Injiniya kafin nan.

Ni duk shekarun nan na ɗauka yankina na Birnin Kudu ne ba ya ba da matsala, shi ya sa wayata ba ta kuka. Na sha faɗa a taro.

Na cire sunansa. Harafi tara ne da lambar waya. Nawa ya hau sama. Na mayar da jiran minti biyar, don ni ba babur nake hawa ba. Bayanin da ya rubuta a gefe ban taɓa shi ba, na'ura ba ruwanta da shi.

Da na danna ajiyewa, manhajar ta ƙi. Ta fito da wani ɗan akwati tana tambaya: in na farko bai amsa ba, wa za a tura wa?

Na zauna ina kallon akwatin. Na buɗe lambobin wayata na bi su daga farko har ƙarshe. Na kira Kano, manaja ya ce za a duba, wataƙila ƙarshen wata. Akwatin ba ya karɓar ƙarshen wata, kuma ba ya yarda a bar shi fayau.

Sai na sake rubuta lambata.

Ta karɓa. Na kira Gwaram na ce a gaya wa Inna wayar ba za ta ƙara yin wannan kukan ba.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Habu. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka saka masa da alheri a kan kowane kira da ya amsa da kowane asiri da ya rufa. Ka ba Inna Larai da 'ya'yansa da ɗalibansa haƙurin rashinsa. Mu kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani.

Ku da kuka karanta har nan, ba na neman ku ce mini sannu. Ku tsaya ku yi masa addu'a, ko Ƙulhuwallahu ƙafa uku ce, ku ambaci sunansa. Malam Habu, na Gwaram.